Yadda Ake Rubuta Labarin Zombi Na Matasa Da Hausa, Har Da Soyayya A Ciki

Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo mini babi uku na wani labari da ta fara, ta ce in duba mata. Labarin annoba ce da ke mayar da mutane masu cizo, ga kuma saurayi da budurwa suna gudun tsira. Hausarta ba laifi. Amma a babi na biyu sai na ga jarumin ya fasa shagon sayar da bindigogi a bakin titi, ya kwashi harsasai, ya faɗa wata mota da aka bar mukulli a jiki, tanki cike da mai, ya yi gaba. Na ce mata, a wace Kanon? Garin da ta gani a fim ɗin Amurka ta ɗauko ɗungurungum ta liƙa masa sunan unguwarsu.

Wannan ne ya sa na zauna na jera matakan da nake ganin sun kamata. Da ke zan yi magana, tunda mafi yawan masu rubuta labaran da muke karantawa a waya mata ne. Namiji ya tsinci nasa a ciki.

Mataki na farko: ki san inda abin ya fito

Zombi ba namu ba ne, kuma asalinsa ba na Turawa ba ne. Daga Haiti yake, ƙasar da ke ɓangaren wani tsibiri a yankin Karibiyan, wadda Faransa ta cika da bayi daga Afirka don noman rake, har suka yi tawaye suka kafa ƙasarsu a 1804. A can, zombi mutum ne da boka ya tayar daga kabari ya mayar da shi bawan da ba ya gajiya, ba ya musu. Tsoron da ke ciki shi ne a ce ko mutuwa ba za ta raba ka da gonar ubangida ba. Sun kuma ce in ya ɗanɗani gishiri hankalinsa zai dawo. Lokacin da sojan Amurka suka mamaye Haiti, daga 1915 zuwa 1934, labarin ya bi su gida, ya shiga fim.

Wanda muka sani yau, mai cin naman mutane yana yaɗa abin ga wanda ya ciza, ya samo siffarsa ne daga fim ɗin da George Romero, wani mai shirya fim ɗan Amurka, ya fitar a 1968. Abin mamaki, a cikin fim ɗin ba a kira su zombi ba ko sau ɗaya. Da wata kalma aka kira su wadda asalinta "gul" ce ta Larabawa, dodon maƙabarta. Daga baya, wajen farkon shekarun 2000, aka ƙara musu gudu, aka kuma mayar da sanadin abin ƙwayar cuta.

Amfanin sanin wannan shi ne ki gane cewa kowace al'umma tsoronta take zubawa a cikin wannan ƙwarya. Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki tambayi kanki mene ne namu tsoron. A ganina, Bahaushe bai cika tsoron a cinye shi ba kamar yadda yake tsoron ya mutu ba a yi masa sutura ba, ko ya gudu ya bar mahaifiyarsa.

Mataki na biyu: matattu ne ko marasa lafiya?

Nan ne wurin da ba a tsallakewa. In kika ce gawa ce ta tashi daga kabari tana yawo, kin taɓo batun rai da tashin alƙiyama, kuma rabin masu karatunki za su bar labarin su koma gardama da ke. Shawarata: ki mayar da abin cuta. Mutanen suna da rai, amma cutar ta cinye hankalinsu.

Ba gudun surutu kaɗai ne ribar ba. In marasa lafiya ne, to kashe su kisan kai ne ko kare kai? In yayar jarumarki ta kamu, a ɗaure ta a ɗaki a jira magani, ko a tafi a bar ta? Wa zai ɗauki alhakin? Kin samu rikicin da zai riƙe miki babi ashirin ba tare da kin nemi mugun sarki ko kishiya ba.

Mataki na uku: ki kafa wa cutar dokoki, ki rubuta su a takarda

Ba sai kin ƙirƙiro komai daga iska ba, ciwon haukan kare yana nan. Ta yawu yake shiga idan dabba ta ciji mutum, ya bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin tashi. In ya bayyana, mutum yakan firgita da ruwa, ya kasa haɗiya, kuma kusan ba a tashi. Ki ɗauki wannan ki matse lokacinsa, kin samu cutarki.

Tambayoyin da za ki amsa wa kanki ba su da yawa. Awa nawa tsakanin cizo da juyewa? Suna gudu ko jan ƙafa suke? Da me suke gane mutum, ido, kunne ko hanci? Rana tana raunana su? Suna tsoron ruwa? In ba su samu abinci ba, kwana nawa suke yi su faɗi?

A cikin waɗannan, ta farko ce ke yanke irin labarin da za ki rubuta. In daƙiƙa ashirin ce, labarin gudu da faɗa ne, ba lokacin ban-kwana. In kwana biyu ne, kin samu wasiyya, kuka, ƙarya, da wanda zai saukar da hannun rigarsa ya ɓoye tabo. Ga mai son saka soyayya, kwana ɗaya zuwa uku ya fi. Kuma duk dokar da kika kafa, ta hau kan kowa. In mai gadi ya juye cikin awa goma, kada saurayin jarumarki ya yi mako guda lafiya lau don kawai kina sonsa. Masu karatu suna lissafi.

Mataki na huɗu: suna

Babu wanda zai leƙo ta katanga a Fagge ya ce "ga zombi nan". Ba fatalwa ba ne, ba maye ba ne, ba aljani ba ne, ko da yake a kwanakin farko mutane za su kira su da duk waɗannan. Mu mutane ne masu sakaya abin da muke tsoro: maciji da dare igiya ne, aljannu mutanen ɓoye ne. Ki bar jama'ar labarinki su raɗa sunan da kansu. Tsofaffi su ce "bayin Allahn nan", samari su ce "'yan cizo", uwar da ɗanta ya kamu ta ƙi duka, ta ci gaba da cewa "marasa lafiya". Daga sunan da mutum ya zaɓa za a gane inda zuciyarsa take.

Mataki na biyar: ki zaɓi gari da lokacin da kika sani

Ki ɗauki wurin da za ki iya zagayawa ido rufe. In Kano ce, ki zana taswira da hannunki. Lungunan cikin birni alheri ne ga wanda ya san su, tarko ne ga baƙo. Soron ƙasa yana haɗe da na maƙwabta, ana iya ratsa unguwa ta saman rufi. Dutsen Dala da Goron Dutse wurin hange ne. Ragowar badala da ƙofofi irin su Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mata, waɗanda aka gina don tare mahara, yau titi ne ya ratsa su, ba za su tare komai ba. Wani dattijo a labarin zai iya faɗar haka da takaici. Kasuwar Dawanau tana cike da hatsi, saboda haka kowa can zai nufa, kuma inda kowa ya nufa nan ne mafi haɗari. Wanda zai kama hanyar Maiduguri dole ya bi ta gadar Wudil, kimanin kilomita 40 daga birni. A mota bai kai awa ɗaya ba. A ƙafa, lafiyayyen mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma da tsohuwa da goyo da laɓe-laɓe, tafiyar kwana uku ce, kuma wanda ya riga ya kama gadar shi zai faɗi kuɗin tsallakewa.

Lokacin shekara ma hali ne a labarin. A bazara, Afrilu zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, ƙishirwa ta fi masu cizo kisa. A damina akwai ruwa, amma ga sauro, ga kwalara, ga dawa ta yi tsawo ba ka ganin abin da ke cikin gona. Ni hunturu na fi so: hazo ya rufe gari, ba ka gane mai tahowa sai ya matso, ga sanyin asuba mai sa a kunna wutar da za ta tona asiri.

Mataki na shida: ki yi lissafin tulu da buhu

Yawancin sababbin marubuta a nan suke faɗuwa. Mutanensu suna gudu kwana bakwai ba wanda ya ji ƙishirwa, ba wanda ya zaga bayan gida, wayar jaruma kuma har yanzu da caji.

Mutum ba ya wuce kwana uku ko kusa da haka babu ruwa. Na sha kawai yana bukatar lita 2 zuwa 3 a yini, fiye da haka in yana tafiya a rana. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma mutum shida za su shanye ta kafin kwana biyu. Wa zai ɗauka? In wuta ta ɗauke gaba ɗaya, burtsatse mai injin ya mutu. Rijiya da guga, da famfon tuƙa-tuƙa, da mai aiki da hasken rana su za su rage, sai dai tuƙa-tuƙa yana ƙara. Ruwan kududdufi sai an tafasa, ko a zuba a gorar roba mai haske a shanya a rana kamar awa shida. In yaro ya kama gudawa, ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jarumar da ta san wannan ta fi mai adda amfani.

Guzuri kuwa, kakanninmu fatake sun gama mana aikin: ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, garin kwaki, gumba, gyaɗa. Fura da nono ba sa kwana biyu. Turakun sadarwa da janareta suke aiki, in ba mai kai musu man dizal, cikin kwanaki sabis zai tafi, sai rediyo mai batir. Mota tana bukatar titi a buɗe, kuma titin zai toshe tun ranar farko. Keke ya fi ta, ba ya ƙara. Jaki ya fi ɗaukar kaya, amma ki tuna yana kuka lokacin da ya ga dama.

Ki buɗe shafi na daban ki riƙa rubuta abin da ya rage musu bayan kowane babi. In lissafin ya nuna ruwa zai ƙare gobe, kin san abin da babi na gaba zai ƙunsa.

Mataki na bakwai: kwanakin farko

Kada ki fara da gari ya riga ya watse. Mun ga yadda annoba ke shigowa, ki yi amfani da abin da kika gani. A Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola, likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu ta rasu. Mutum 8 suka mutu a ƙasar kafin a shawo kanta a Oktoba. Amma abin da yawancinmu muka fi tunawa shi ne daren watan Agusta da aka yi ta buga waya ana tashin 'yan'uwa su yi wanka da ruwan gishiri su sha. A Afrilun 2020 kuma aka rufe Kano saboda korona, wasu na cewa ƙarya ce, wasu na cewa ciwon masu kuɗi ne, yara na buga ƙwallo a titin da ba mota.

Haka farkon labarinki zai kasance. Saƙon murya a WhatsApp da ba a san mai shi ba. Wani ya ce ƙwaya ce samari suka sha. Wata ta ce jifa ne. Mai maganin gargajiya ya fara ciniki. Baba ya ce ba inda za shi, a gidan nan aka haife shi. Biki bai fasa ba, don an riga an raba goro. Babi uku na irin wannan sun fi tayar da tsikar jiki fiye da jini a shafin farko.

Mataki na takwas: 'yan tafiya

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. Tunda labarin matasa ne, jarumai su kasance masu gama sakandare ko 'yan shekarar farko a jami'a, kuma ki nemo dalili mai ƙarfi da ya raba su da manya: makarantar kwana, tafiya rubuta jarrabawa a wani gari. Ki haɗa waɗanda da lafiya ba za su zauna inuwa ɗaya ba. 'Yar gidan mai kuɗi da ba ta taɓa jan guga ba, almajirin da ya san kowane lungu da gidan da ke da rijiya, ɗan adaidaita, yarinya mai sikila da maganinta ke ƙarewa, tsohuwar da ke rage musu sauri amma ita kaɗai ta san ganyen da ake ci. A sabuwar duniyar, wanda ake miƙa wa ɗumame a ƙofar gida shi ne jagora. Ki bar wannan juyin ya yi wa wasu ciwo.

Mataki na tara: soyayyar

Ga inda na fi son ki natsu. Soyayyar da muka saba rubutawa tana tsaye ne a kan abubuwan da annobar za ta share: zance a zaure, kwalliya, turare, kiran waya na dare, iyayen da suka ƙi, lefe. Duk sun tafi. Jarumarki ta yi kwana tara ba wanka, leɓenta ya tsage. In kika sa saurayin ya tsaya yana yaba gashin idonta alhali ana dukan ƙofa, mai karatu zai yi dariya.

Abin da ya rage shi ne aiki. Ya ce ya ƙoshi, ya tura mata rabon dabinonsa, ita kuma ta san ƙarya yake, ta raba biyu ta mayar masa ba tare da ta dube shi ba. Ta karɓi gadin dare a madadinsa don ta ga yana ɗingishi. Ya juya baya ya tsare hanya lokacin da za ta zaga. Ya goya ƙaninta. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa; ki bar sauran 'yan tafiyar su gane kafin su biyun su furta. Tsohuwar nan ce za ta fara cewa, "Ɗan nan, in za ka kalle ta ka kalle ta, ka daina tuntuɓe."

Kunya kuwa kada ki yar da ita don duniya ta tashi, ita ce jarinki. Mutum biyu da ba su taɓa riƙe hannun juna ba, sai ga katanga dole ya miƙa hannu ya jawo ta. Wannan riƙon na daƙiƙa uku zai ɗauki nauyin da shafi goma na kalamai ba za su ɗauka ba. Tana kiransa "Malam" har babi na goma sha biyu, ranar da ta kira sunansa da ƙarfi don wani abu na bayansa, kowa zai ji. Ba ki bukatar wuce nan. Masu karatunki matasa ne, kuma jan rai ya fi riƙe su.

Sannan ki sa son ya yi tsada. Dole wata rana ta zaɓa tsakanin komawa neman sa da tsallakar da ƙannenta. Dokar tafiyar ita ce duk wanda ya fita ya dawo sai an duba jikinsa. Ranar da ya ƙi a duba shi, me za ta yi? In ta rufa masa asiri ta sa rayuka shida a haɗari, in ta tona ta rasa shi. Kada ki kawo mata mafita daga sama, kamar sojoji su iso daidai lokacin. In kuma maganar aure ta taso, tambayoyin da za su biyo baya labari ne a kan kansu: ina waliyyi, su wa ne shaidu, mene ne sadaki a garin da kuɗi ya zama takarda, kuma ta yarda a ɗaura ba ta san ko mahaifinta na raye ba?

Saurayi biyu budurwa ɗaya? An gaji da shi. In dole ne, to ya zama saɓanin ra'ayi ne na gaske, ɗaya na cewa a tsaya a kafa sansani, ɗaya na cewa a ci gaba.

Mataki na goma: abin da fim ɗin waje ba zai ba ki ba

Mutanenki masu salla ne, ko aƙalla a cikin masu salla suka tashi. Ruwa ya yi ƙaranci, sai taimama. Suna tafiya, sai ƙasaru. Masu cizo suna bin sauti, saboda haka an daina kiran salla. Ki kwatanta asubar farko da gari ya waye shiru, ko ladanin da ya kasa jurewa ya hau ya kira, ya san abin da zai biyo baya. Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa in an ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, in kuma ta ɓarke kana ciki kada ka fita don gudunta. To ga ɗalibin ilimi a cikin tawagar ya tuna musu wannan a bakin gada. Su tsallaka su kai wa ƙauye cutar, ko su tsaya? Ki ba kowane ɓangare hujja mai ƙarfi, kada ki mayar da shafin mumbari.

Sai jana'iza. Mun saba a yi wa mamaci wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a binne kafin rana ta faɗi. Yanzu taɓa gawar haɗari ne, haƙa kabari awa biyu ne a fili. Yaron da ya dage sai ya binne mahaifiyarsa, da abokan da suka tsaya masa gadi suna rawar jiki, da yarinyar da ta cire mayafinta ta bayar a yi likkafani: in kin rubuta wannan babin da kyau, shi za a riƙa tura wa juna.

Mataki na ƙarshe: fitarwa

In kashi-kashi za ki riƙa sakewa a Wattpad, manhajar da ake sakin labarai a karanta a waya, ko a zaurukan WhatsApp, ki rubuta aƙalla babi goma ki ajiye kafin ki saki na farko, kuma ki san wanda zai mutu da wanda zai rayu tun kafin nan. Masu karatu za su roƙe ki ki bar wane da rai. In kika biye musu sau ɗaya, dokokin mataki na uku sun rushe. Kowane babi ya ƙare a kan shawarar da ba a yanke ba ko ƙofar da aka ƙwanƙwasa, amma ki riƙa sa babi mai sanyi bayan kowane biyu masu zafi, inda za a dafa ɗan abin da aka samu, a yi tatsuniya da raɗa, a yi faɗa a kan wanda ya sha ruwa fiye da rabonsa. Jini kaɗan ya isa. Ƙarar jan ƙafa a bayan kyaure ta fi hanji a waje ban tsoro. Ki sa gargaɗi a shafin farko cewa akwai mutuwa da tashin hankali.

Kafin ki saki, ki ba mutum biyu su karanta: ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin likitanci ya duba miki raunuka da zazzaɓi, da kuma wani ɗan unguwar da kika ambata ya bi taswirarki lungu-lungu. Ƙanwar tawa ta koma ta gyara nata. Shagon bindiga ya zama shagon mai faci, jarumin ya fito da keke da taɓarya, babin ya ƙare suna gardamar wanda zai hau da wanda zai bi a ƙasa.